Aku Da Matarsa: Halayen Taurarin Magana Jari Ce A Idon Wani Gida Na Unguwar Shanu

Masu iya magana kan ce hali zanen dutse ne. In kuwa haka ne, to, babu inda ake ganin wannan zane ƙarara kamar a wasan kwaikwayo, domin a nan ne akan ɗauko mutum a jefa shi cikin tsaka mai wuya, jama'a su zuba ido su ga abin da zai yi. Mutanen Kaduna sun daɗe da sanin haka. Tun 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a wannan gari, wanda sashensa na talabijin ya koma ƙarƙashin NTA a 1977, kuma daga nan ne irin su Samanja Mazan Fama, watau marigayi Usman Baba Pategi, suka shiga gidajen mutane har suka zama tamkar 'yan gida. A cikin shekarun 1980 aka mayar da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam wasan talabijin mai zuwa kashi-kashi, marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, yana cikin manyan 'yan wasansa.

Galibi akan ɗauki wannan littafi, wanda ya fara fitowa a 1937, a matsayin rumbun labarai na raha da gargaɗi. Amma idan mai karatu ya tuɓe waɗannan labarai ya dubi ƙashin bayan littafi na farko, zai tarar da labarin cin amanar ƙasa ne, wanda aka gina a wani zamani na sarakuna da bayi da dawaki, aka kuma ɗora shi a kan abin al'ajabi. Sarki Abdurrahman ya daɗe ba shi da ɗa namiji, sai da aka tara malamai arba'in suka yi addu'a kwana arba'in sa'an nan aka haifi Musa. Waziri, wanda ya riga ya sa ransa ga gadon sarauta, ya haɗa baki da Sarkin Sinari. Da Sarki ya fita yaƙi tare da jikansa Mahmudu, sai Waziri ya ƙulla saƙon ƙarya domin ya fitar da Musa daga fada a halaka shi. Wanda ya tsaya tsakanin yaron da mutuwa kuwa tsuntsu ne mai magana, mai faɗin abu tun bai auku ba.

A Unguwar Shanu, a arewacin kogin Kaduna, akwai wani gida da aka shafe fiye da shekara talatin ana gardama a kan waɗannan taurari. Masu gardamar wa ne da ƙanwarsa. Shi tsohon akawu ne da ya yi aiki a wani ofishi har ya yi ritaya, ita kuwa tsohuwar malamar firamare ce, wadda ta dawo gidansa da zama bayan rasuwar mijinta. Tare suka kalli wasan a akwatin talabijin maras launi, tare kuma suke da tsohon littafin, bugun Zariya, wanda bangonsa ya tsufa har an ɗinke shi da zare.

Game da Waziri bakinsu ɗaya. Dukansu sun yarda cewa ba mahaukaci ba ne, ba kuma jahili ba. Mutum ne da ya ƙirga gado tun mai shi yana da rai, saboda haka haihuwar da ta zama abin murna ga gari duka ta zama masa asara. Akawu yakan ce ya zauna da irinsa a ofis, mutum mai yawan gaisuwa da rusunawa, wanda kullum idonsa yana kan kujerar da ke gaba da tasa. Game da Sarki ma ba su da saɓani sosai: mutum ne mai son ɗansa, amma zafin zuciyarsa ne ya jawo yaƙin, domin da Sarkin Sinari ya aiko da maganar auren 'yarsa Sinaratu da Musa, wulaƙanci aka mayar wa manzanninsa. Musa kuwa yaro ne ɗan gata, mai gaggawa, wanda ƙaunar Mahmudu ta rufe masa ido. Ba mugu ba ne, sai dai bai saba jin a'a ba, kuma irin wannan mai iko shi ya fi wuyar yi wa nasiha.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen Aku da matarsa. Mai karatu zai tuna cewa Aku ba shi kaɗai ne a fada ba, akwai macen aku da aka haɗa shi da ita. Da Musa ya ƙudura niyyar fita, ita ya fara neman shawararta, ta faɗa masa gaskiya kai tsaye cewa bai kamata ya saɓa wa umarnin mahaifinsa ba, shi kuwa ya fusata ya kashe ta. Da aka zo kan Aku, sai ya bi wata hanya. Bai ce a'a ba ko sau ɗaya. Yakan nuna kamar ya amince, sa'an nan ya jefo wata magana da za ta sa Musa ya nemi jin labari, labari kuma ya ja har gari ya waye, fita ta gagara. Haka aka yi ta yi dare bayan dare har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka ɗauki rawaninsa aka naɗa wa Aku. Masana sun nuna cewa Imam ya aro wannan zubi ne daga tsofaffin labaran aku na Indiya da Farisa, kamar yadda ya aro wasu labaran daga Alfu Laila, amma ya sanya musu riga da rawani irin na fadar Hausa.

Akawu na Aku ne. A ganinsa manufar nasiha ita ce a tsirar da wanda ake yi wa, kuma Aku ya tsirar da Musa, ita kuwa matarsa ba ta tsirar da kowa ba, ko kanta. Malama kuwa ba ta taɓa yafe wa littafin ba saboda ɗan wurin da ya ba wannan tsuntsuwa. Takan ce, "Yaya, ita kaɗai ce a fadar nan da aka tambaya ta faɗi abin da ke cikinta. Waziri ya yi ƙarya don ya kashe yaro, Aku ya yi ƙarya don ya raya shi, amma dai su biyun da baki biyu suke magana." Shi kuma yakan amsa, "Malama, gaskiya ɗaci gare ta, shi ya sa ake haɗa magani da zuma."

Wanda bai san gidan ba zai ɗauka gardamar adabi ce kawai. Alhali kuwa kowannensu tarihin kansa yake karewa. A wata shekara, a wata makaranta, Malama ta lura an karɓi kuɗin littattafai daga iyayen yara amma littattafai ba su zo ba. Ta tashi a tsakiyar taron malamai ta tambayi shugabanta inda kuɗin suka shiga. Kafin zangon karatu ya ƙare aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa, inda ta shekara bakwai, ta bar ƙananan 'ya'yanta a hannun dangi. Bayan haka da 'yan shekaru aka kawo wa akawu wata takardar biyan kuɗi na aikin da ya san ba a yi ba, aka ce ya shigar da ita. Bai ƙi ba, bai kuma shigar ba. Yau ya ce akwai sa hannun da ya rage, gobe ya ce lissafi bai daidaita ba, jibi ya ce fayil yana wajen wani, har wata huɗu, har aka ɗauke mai gidan nasa daga ofishin. Kuɗin ba su fita ba, shi kuma ya ƙare aikinsa lafiya, ya karɓi fanshonsa.

Wannan gardama ta tashi daga matsayin hira ranar da jikar akawu, wadda ba ta daɗe da fara aiki a wani kamfani ba, ta zo gida da damuwa. An ba ta rasit na kayan da ba a sayo ba, an ce ta sa hannu kafin ƙarshen mako. Ta zauna a kan tabarma tsakanin tsofaffin nan biyu bayan sallar isha'i, ta ce, "Alhaji, Gwaggo, ku faɗa mini abin da zan yi."

Malama, wadda kowa ya zaci za ta ce a fito fili a faɗa, sai ta yi shiru mai tsawo. Da ta buɗe baki, shekaru bakwai ɗin nan ta ambata, da yadda autanta ya yi wata guda yana ƙin zuwa wurinta bayan ta dawo, saboda bai gane ta ba. Ta ce ba ta yi nadama ba, amma ba za ta iya tura 'yar wani cikin abin da ta san zafinsa ba. Sa'an nan akawu ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba a tsawon gardamarsu. Ya ce ranar da aka ɗora masa takardar nan a kan tebur, niyyarsa ta farko ita ce ya sa hannu ya huta. Abin da ya hana shi kunyar ƙanwarsa ce, wadda a lokacin take can ƙauye saboda kuɗin littattafan 'ya'yan wasu. Abin da kuma ya hana shi fitowa fili ya ƙi, shi ne ya ga abin da aka yi mata. Watau ita ta ba shi dalilin tsayawa, ita kuma ta nuna masa inda rami yake.

A nan ne ma'anar wannan ɗan wuri da Imam ya ba macen aku take fitowa. Aku bai zo da dabararsa daga sama ba. Sai da ya ga gawar matarsa sa'an nan ya san irin yaron da yake magana da shi. Ashe rawanin da aka naɗa masa a ƙarshe, da jininta aka biya wani kashi na kuɗinsa, ko da yake babu wanda ya tuna da ita ranar naɗi. Mai nazarin halayen taurari da ya yabi hikimar Aku ya tsallake ta, ya karanta rabin labari ne. Haka kuma wanda ya kira dabarar Aku tsoro ya manta cewa kowane dare yana sane da abin da zai same shi idan labari ya ƙare kafin alfijir.

Tsofaffin nan ba su yanke wa yarinyar hukunci ba. Abu ɗaya suka haɗu a kai, cewa kada hannunta ya hau takardar, ko ta wace hanya za ta bi. Washegari ta tafi ofis ta nemi a ba ta takardar shaidar karɓar kayan daga wajen mai kula da sito, ta ce da zarar ta gani za ta sa hannu. Da labari ya iso gida, akawu ya dubi ƙanwarsa ya ce jikarsa ta bi hanyar Aku. Malama ta ce a bari tukuna a ga ranar da za a tambaye ta ido da ido, domin ko Aku ma darensa yana da iyaka. Har yanzu littafin yana nan a kan taga, an ƙara masa wani ɗinkin, kuma gardama ba ta mutu ba.