Rowar da na yi wa 'ya'yan tarwaɗa

Na daɗe ina ɗora wa hunturu laifin asarar da na tafka a kiwon tarwaɗa, alhali hannuna ne ya jawo ta. A ƙarshen 2023, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira, kuɗin abincin kifi ya yi tashin gwauron zabo a Gombe. Ga shi na riga na zuba 'ya'yan kifi, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, a tankin tamfol a bayan gidana a Pantami. Sai na yi wani lissafi da na ɗauka dabara ce: ai ƙanana ne, nawa cikinsu yake, bari in tsuke hannu yanzu, in sun tasa in sake musu. Na bar sayen garin abincin jarirai, na koma daka na manya ina gauraya shi da dusar masara daga Tudun Hatsi. Ciyarwar da ake yi akai-akai a yini kuwa na mayar da ita safe da yamma.

Ruwan ne ya fara tona mini asiri. Dusar ta riƙa nutsewa tana ruɓewa, ruwa ya yi kauri yana wari. Sai na lura wasu 'yan tsiraru sun yi wa sauran fintinkau, baƙaƙe masu faɗin kai, har murna na yi. Wata safiya na tarar da ɗayansu yana yawo da wutsiyar ɗan'uwansa a baki, ya haɗiye shi rabi. A nan na gane inda kifina ke tafiya ba tare da na tsinci gawa ba.

Wani dattijo masunci daga madatsar Dadin Kowa, mai kawo mana karfasa, ya leƙa tankin ya girgiza kai. Na ce, "Baba, sanyin nan ne ya hana su ci." Ya ce, "Malam, sanyi na rage musu ci, haka ne. Amma sanyi ɗaya ya buge su duka, me ya sa wannan ya ninka wancan? Yunwa ka saka musu, mai ƙarfi ya kwashe ɗan abin da ke akwai, da bai ƙoshi ba ya juya kan na kusa."

Daga baya na fahimci masana sun daɗe da gano irin wannan a tekun da ya fi hunturunmu sanyi nesa ba kusa ba. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a babbar kasuwar Gombe, okporoko, daga Norwe akasarinsa ke zuwa, kuma mafi darajarsa shi ne na kifin da ake kira kod. Uwar kod na zuba miliyoyin ƙwai a kewayen tsibiran Lofoten na Norwe daga Fabrairu zuwa Afrilu, amma duk da haka wata shekara kifi ya yi yawa, wata ya yi ƙaranci. A 1914 wani masani ɗan ƙasar, Johan Hjort, ya kawo bayanin cewa kwanakin farko ne ke raba gardama: da zarar jaririn ya cinye gwaiduwar da ya fito da ita, in bai samu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa daidai bakinsa ba, shi ke nan. David Cushing na Ingila ya ƙara da batun lokaci, wato ko ƙyanƙyasar ta dace da yaɗuwar abincin. Wanda kuma ya samu kaɗan bai mutu ba, jinkirin girma ke ajiye shi ƙarami, sai ya zama lomar wasu, har da manyan kod. A can iska da igiyar ruwa ke yanke wannan hukunci. A tankina ni na yanke shi, ina zaune da biro ina murnar rarar da na yi.

Yanzu sai na tanadi abincin jarirai kafin in sayo su, kuma iya waɗanda zan iya ciyarwa nake ɗauka. Ina tace su akai-akai, in ware manya daban. Da hunturu nakan jira rana ta ɗumama ruwa kafin in zuba abinci. Waɗancan da suka tsira kuwa wani mai gashin kifi na sayar wa, kuɗin ko ruwan da na riƙa saye wajen 'yan garuwa bai mayar ba.