Da tsohuwar zuma ake magani

Da wuya ka shiga gidan da ke da ɗan makaranta a Kuseri, Marwa ko Garwa, ba ka tarar da wata kwamfutar cinya da aka tura ƙarƙashin gado ba. Wasu gwanjo ne da aka sayo a Njamena ko Maiduguri, wasu kuwa suna cikin dubu 500 ɗin da gwamnati ta fara raba wa ɗaliban jami'a a ƙarshen 2017. Hukuncin da ake yanke musu ɗaya ne: wai sun mutu.

Alhali yawancinsu da ransu, kaya ne ya yi musu yawa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, ya kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Shi kuwa Windows 11 yana neman ƙwaƙwalwar aiki ta giga 4 da wani ƙwayar tsaro da tsofaffin injuna ba su da shi. Jaki bai canja ba, buhunan aka ƙara.

Tamu, yayana ne ya bar mini ita, giga 2 kawai gare ta. Da 'yata ta ci jarrabawar bak ta sami gurbi a Jami'ar Marwa, sai ga shi kuɗin sabuwar kwamfuta ya fi abin da nake samu a wata, ga rajista, ga hayar ɗaki. Na kai ta wurin wani matashi mai gyara a kasuwa. Ya fara da kwance ta, ya hure ƙurar hunturu da ta toshe fankarta, domin a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, inji mai toshewar hanci dole ya yi sanyin jiki. Ya kwashe hotuna da takardunmu ya adana, sannan ya ɗauko ɗan ma'ajin USB, wanda a nan muke ce wa kile, ya zuba mata Linux.

Linux manhaja ce ta tafiyar da kwamfuta, wadda wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, kuma halal ne ka kwafa ka ba maƙwabcinka, ba kamar kwafin sata da ya cika kasuwanninmu ba. Iri-iri ce. Akwai Lubuntu da Linux Mint Xfce masu sauƙin nauyi, akwai antiX ga injin da ya tsufa ƙwarai, akwai kuma Emmabuntüs, wadda 'yan sa-kai a Faransa suka tsara musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci. Lubuntu ya sa mana, da Faransanci.

Yanzu takan tashi kafin shayi ya huce. Yarinyar tana rubuta aikinta da LibreOffice, tana ajiye shi a tsarin Word don malamai su iya buɗewa. Akwai Kiwix, mai ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne tsarin madannai na Hausa da ke ciki, inda ƙ da ɗ da ɓ ke fitowa da lanƙwasarsu.

Sai dai a faɗi gaskiya. Linux ba ya tayar da mataccen batir, don haka in an ɗauke wuta, aiki ya tsaya. In aka buɗe shafukan intanet da yawa, giga 2 yakan gaji. Wasu manhajojin Windows kuma ba sa aiki a kai, ya kamata ɗalibi ya tambayi sashensa abin da ake buƙata tukuna. Amma ana iya gwada Linux daga kan kilen, a ga ko sauti da Wi-Fi suna aiki, ba tare da an goge komai ba.

Saboda haka, iyaye, kafin a ci bashi ko a sayar wa 'yan gwangwan da inji a kuɗin goro, a kai shi a duba. Wanda ba ya buƙatar tasa, ya gyara ya ba maraya ko makarantar unguwa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.