Riyal a Gindin Randa

Kakata, Allah Ya jiƙan ta, tana da wani tsohon riyal na azurfa, irin mai hoton sarauniya da shekarar 1780 a jiki. Ta gaje shi daga mahaifinta, ɗaya daga cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, tafiya ta tsaya musu a Gadarif. A gindin randa yake kwana. Idan aka kawo ruwan hafir, wato tafkin da ake haƙa don tara ruwan damina, sai ta kwashe gansakukar da ke kai, ta tace da ƙyalle, ta jefa riyal ɗin. Ni ɗan boko camfi na ɗauke shi, har na taɓa faɗa mata. Ta ce in sha ruwana in yi shiru.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro mana 'yar yayata daga Khartoum, inda take karatun kimiyyar haɗa sinadarai. Wata rana da dare ta nuna min hotunan aikinta a waya. Ana busar da gansakuka, a tafasa, a tace, a zuba ruwan a kan narkakken gishirin azurfa. Kana kallo sai ya rikiɗe daga fari zuwa rawaya, ya koma launin shayi. Abin da ke cikin gansakukar ne ya mayar da azurfar ƙwayoyi ƙanana, waɗanda sai an jera dubbai kafin su kai kaurin silin gashi. Da ma ana iya yin haka da sinadarai masu guba da tsada. Gansakuka kuwa kyauta ce. Ta nuna min wani faranti da aka shuka ƙwayoyin cuta a kai. Duk inda aka ɗiga ruwan nan sai ka ga da'ira fes, babu abin da ya tsiro. Azurfar tana huda fatar ƙwayar cutar, ta lalata mata ciki.

Na daɗe ina kallon hoton. Abin da tsohuwa take zubarwa da abin da take jefawa, su ne aka haɗa a kwalba ɗaya. Ashe likitoci ma tun ƙarni na 19 suke ɗiga ruwan azurfa a idon jarirai, kuma har gobe akwai man ƙuna da ake yi da ita. Kunya ta kama ni, ga shi babu wadda zan ba haƙuri.

A watan Satumba kwalara ta shigo Gadarif, gari cike da 'yan gudun hijira. Da aka fita da yaron maƙwabcinmu, sai na ce mata ga hafir, ga riyal, me muke jira?

Ta ce, "Kawu, faranti daban, cikin mutum daban. Ba a san adadin da za a sha lafiya ba, mai yawan shan azurfa fatarsa kan koma toka har abada. Wata gansakukar ma ita kanta guba ce. Riyal kuwa abin da yake saki a randa bai taka kara ya karya ba. Ƙyallen Kaka ya fi shi aiki."

Raina bai so ba, don na riga na ƙwallafa rai. Amma ita ta yi karatun. Muka koma tafasa ruwa, da ƙwayar kulorin idan an samu, da ruwan gishiri da sukari a shirye.

Tafasa kuwa gawayi take ci, ga mu goma sha huɗu a gida, ga mai amalanken jaki kullum sai ya ƙara kuɗin ganga. Da abin ya ci tura na zura hannu a randa na ciro riyal ɗin, na kai wa maƙerin farfaru a kasuwa. Ya goga shi a dutse, ya ɗora a sikeli, giram 28. Kuɗin ya sayi buhun gawayi da ruwan 'yan kwanaki. 'Yar yayata ta ɗauki hotonsa gaba da baya kafin in fita da shi.