Lallen da Bai Kama Ba

Idan aka ba ni gajeren labarin binciken laifi in duba, ina kaiwa ƙarshe sai in koma farko, in nemi inda marubucin ya ajiye mini sawun mai laifi. A 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika a Ingila, ya tsara wa irin wannan labari ƙa'idoji 10, ta farko kuwa ita ce a ambaci mai laifin tun da wuri. Har gobe ina ganin gaskiyarsa, don mai karatu ma bincike yake yi.

Wata ɗaliba ta kawo mini labarin zoben zinariya da ya ɓace a gidan biki. Hausarta ta yi daɗi, amma ɓarawon baƙo ne da bai leƙo ba sai shafin ƙarshe. Abin ya sosa mini rai, domin abin da take nema yana hannunta: a shafi na biyu ƙanwar amarya ta wanke lallenta tun bai kama ba. Na ja layi a wurin, na ce, "'Yata, gaggawar me yarinyar nan take yi?" Ta karɓi takardun, ta nemi in ba ta mako guda.