Wasiƙa daga Boɗinga kan rumbun gari

Aminina,

Ya iyali, ya sanyin Kano? Mu nan lafiya lau, an kammala girbi, dammunan gero sun shiga gida, wake ne kawai ake ta sussuka. Ka tambaye ni inda maganar rumbun haɗin gwiwar ƙauyenmu ta kwana. To, ba ta kwana ba, kullum bayan la'asar ita ake tattaunawa a ƙofar maigari.

Ka san yadda abin yake. Da kaka kowa yana da hatsi, ba mai kuɗi. Ga bashin taki, ga biki, ga kuɗin makaranta, sai mutum ya ɗauki buhu ya kai kasuwa ranar da kowa ya kai nasa. 'Yan kwarami su kwashe da araha, motoci su nufi wajenku Dawanau. In marka ta kankama a watan Agusta, shi wannan manomin zai dawo yana awon tiya-tiya da tsada. Wanda ya ci falle kuwa, tun gero bai fid da kai ba ya riga ya zama na wani. Daga Sifawa har Shagari labarin ɗaya ne.

Shi ya sa nake ta faɗa musu cewa gini ba shi ne matsalarmu ba. Rufewar laka da kakanninmu suka bar mana tana riƙe gero a zangarniyarsa shekara da shekaru in an tsare ta daga gara da ruwa. Abin da ke fitar da hatsi daga gida buƙatar kuɗi ce, ba ɓera ba. In aka gina katafaren sito ba a tanadi abin da manomi zai riƙe a aljihu da kaka ba, fanko zai zauna.

Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da gano haka. Bankunan hatsi sun yaɗu a ƙauyukansu bayan farin shekarun 1970 da na 1984, da yawa kuma suka mutu saboda an ci bashin hatsi ba a mayar ba. Daga baya, da taimakon hukumar FAO, suka koma wani tsari: ƙungiyar manoma ta tara buhuna a sito, kowa da sunansa a jikin nasa, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Manomi ya karɓi wani kaso na darajar hatsinsa, ya yi kiwo ko noman rani da shi, in ya biya a buɗe masa kayansa lokacin da farashi ya ɗaga. Kwaɗo biyun nan su suka fi burge ni, domin ba wanda zai ce an buɗe da dare.

Amma nan ƙasar Shehu ce, tambayar farko da dattawa suka yi ita ce ta kuɗin ruwa, kuma suna da gaskiya. Shawarar da na bayar, a haɗa asusun rancen daga adashe da gudummawar 'yan gari mazauna birni (ka ji inda ka shigo), a ba da rance ba ƙari, mai ajiya ya biya ladan sito da na mai gadi kawai. Wani ya ce ai wannan ɓoye abinci ne. Liman ya warware masa: manomin da ya ajiye abin da ya noma daban, ɗan kasuwar da ya saye kasuwa don ya matse jama'a daban.

Ban ɓoye musu haɗarin ba. Farashi ba kullum yake hawa ba, waɗanda suka tara hatsi a 2025 suna jiran tsada sun ji a jikinsu. Kuma a wannan zamani na ɓarayin daji, tara abincin gari a ɗaki ɗaya abin dubawa ne.

Wake ne ke ba ni tsoro, don ƙwari ba sa ɗaga masa ƙafa. Na ce kada a kuskura a zuba masa fiya-fiya. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, mu kuwa cikinmu muke zuba shi. Buhun PICS da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro ya wadatar: leda biyu a ciki, buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowanne daban, ƙwaron ya mutu don kansa. Sharaɗi dai waken ya bushe sarai, kuma kada ledar ta huje.

Don Allah in ka shiga Dawanau ka tambayo mini kuɗin buhun a sari, ka kuma duba da kyau, an ce akwai jabu. Sannan ka shirya, sunanka na cikin waɗanda za a aika wa takardar gudummawa.

Ka gai da mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum.