Rina a Bakin Amya

Mu da muka taso muna ganin amya rataye a kan bishiya, mun fi sanin ƙudan zuma da harbi, shi ya sa ake cewa zuma da zaƙi da harbi. Na daɗe ina tunani a kan wata rina mai rawayan ƙafafu, 'yar asalin nahiyar Asiya, wadda aka fara gani a kudu maso yammacin Faransa a shekarar 2004, ta bazu har Sifaniya da Ingila. Ita kam wannan harbin bai dame ta ba.

Shekararta takan soma da sarauniya guda, wadda ta kwana sanyin hunturu a ɓoye cikin ƙasa ko ɓawon itace. Wajejen Maris takan fito ta gina ɗan gida kamar lemo, ta yi renon 'ya'yan fari ita kaɗai. Daga Yuli ma'aikata su yawaita, a koma babban gida, galibi a ƙololuwar bishiya. Tsutsotsinsu nama suke ci, don haka daga Agusta zuwa Oktoba rina takan tsaya cikin iska a ƙofar amya, ta cafke ƙudan da ya dawo kiwo, ta yar da kai da fukafukai da ciki, ta tafi da ƙirjin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓarnar tsoro. Idan rina ta yawaita a ƙofa, ƙudan sukan daina fita, su cunkushe a bakin rami. Ba ruwan fure, ba garin fure, sarauniyarsu ta rage ƙwai. Sanyi na shigowa rinar ta mutu, sai sababbin sarauniyoyi da suka ɓuya, amma amyar ta riga ta shiga hunturu rumbu wayam. Mai kiwo ya buɗe a Fabrairu ya tarar da gawawwaki, alhali rinar ta bar ƙofar tun watannin baya.

Ƙudan zuman Japan, da suka daɗe suna zama da manyan rina, sun san dabara: ɗaruruwa su lulluɓe maharin, su kaɗa tsokar fukafukansu har zafi ya kai wajen digiri 46, ya mutu. Na Turai ba su ƙware a wannan ba. Saboda haka masu kiwo a Faransa kan ƙuntata ƙofar amya, su kafa ragar waya a gabanta tun kafin Agusta, domin ƙudan su samu sararin fita neman abinci.