Ijarar Jagora a Dajin Yankari

Daga birnin Bauchi zuwa masaukin baƙi na Wikki, wanda yake can cikin dajin Yankari, tafiya ce ta kimanin kilomita 110, kuma fiye da sulusinta a cikin dajin kansa ake yin ta, domin bayan matafiyi ya bi hanyar Gombe har Dindima, ya ƙetare kogin Gongola, ya karya kudu ya isa ƙofar da ke Mainamaji, to, akwai sauran kusan kilomita arba'in a gabansa waɗanda babu gari, babu gona, babu mai tallar ruwa, sai itatuwan marke da kawo da taura a dama da hauni. Ni da ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a jami'a kuma shi ne mai tuƙin motar, mun shiga wannan hanya a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, ƙoramu suka ƙafe, namun daji suka rasa mashaya sai kogin Gaji, wanda ruwansa ba ya yankewa. Masana wurin duka sun haɗu a kan cewa daga watan Fabrairu zuwa Afrilu ne mai son ganin dabba ya fi samun biyan bukata.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Wanda ya riƙe wannan adadi a zuciyarsa zai gane da kansa cewa shiga irin wannan sarari don neman garken giwa guda, ba tare da wanda ya san inda ta kwana ba, wahalar banza ce. Ko da ma dai hukumar wurin ba ta yarda baƙo ya bar masauki ya nufi daji shi kaɗai ba.

Hanya biyu ce a gaban baƙo. Ko dai ya hau babbar motar nan mai buɗaɗɗen baya tare da jama'a, ɗalibai da amare da masu ɗaukar hoto, kowa na magana a lokaci guda, ko kuwa, idan motarsa mai ƙarfi ce, ya nemi a haɗa shi da jagora nasa na kansa, su tafi inda suka ga dama, su tsaya gwargwadon yadda suke so. Na zaɓi ta biyu, ba don ƙyamar jama'a ba, sai don na san halina na yawan tambaya, kuma mai tambaya a cikin taro nauyi ne a kan kowa.

Wanda aka haɗa mu da shi dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, haifaffen ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke bakin dajin, kuma tun kafin mu zauna ya sanar da mu cewa mahaifinsa maharbi ne, irin waɗanda ke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa har su kusanci gwanki. Bayan sallar isha'i muka zauna a kan sharaɗi. Ɗan ƙanwata, da yake yaro ne mai kaifin lissafi, sai ya kawo shawara ya ce, "Baba, in kun yarda mu yi haka: idan kun nuna mana giwa, mu ninka muku abin da aka yanka, idan ba a gan ta ba, mu ba ku rabi." Dattijon ya yi murmushi, ya dube ni maimakon ya dubi yaron, ya ce, "Alhaji, giwa ba ta cikin cinikin nan, ba a kuwa shawarce ta ba. Ni abin da zan sayar muku shi ne wunina da idona. Wanda aka ce sai ya nuna giwa za a biya shi, to, ranar da giwa ta ƙi, shi zai matsa mata, kuma ba shi kaɗai za ta taka ba."

Na daɗe ina juya wannan amsa, domin ta taɓa wata mas'ala da malaman fiƙihu suka rarrabe tun da daɗewa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin ciniki da abin da ya yi kama da shi, an bambanta ijara da ji'ala: a ijara ana sanin aikin, ana sanin ladan, mai aiki kuma yana cin ladansa da yin abin da aka ɗauke shi dominsa, a ji'ala kuwa, kamar wanda aka ce ya nemo raƙumin da ya ɓace, ba shi da komai sai buƙata ta biya. Dukansu halal ne, kuma abin da yaron ya kawo ya fi karkata ga ta biyun. Amma dattijon nan, wanda ban tsammanin ya taɓa buɗe Risala ba, ya hango abin da ke bayan hukuncin, wato cewa yadda aka ƙulla lada haka yake sarrafa halin mai karɓarsa, kuma a wurin da kuskure guda ke iya zama ajali, bai kamata a rataya abincin mutum a kan abin da zai sa shi ganganci ba. Ɗaukar jagora da lada kuwa tsohuwar sunna ce: a lokacin Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar sun yi ijarar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, alhali bai musulunta ba a lokacin, saboda ƙwarewarsa da hanyoyin hamada da kuma amanarsa, har Imamu Buhari ya kawo labarin a Littafin Ijara. Fataken goro na ƙasarmu ma, da suke zuwa Gwanja, ba su taɓa wadatuwa da madugu shi kaɗai ba, sai da jagaba a gaban ayari.

Muka daidaita a kan lada sananne, fita biyu, ta asuba da ta la'asar. Shi ma ya gindaya nasa sharuɗɗan: kada kowa ya sauka daga mota sai da izninsa, idan ya ɗaga hannu a kashe inji, a kuma kashe magana, kada a shafa turare, kada a sa baƙin tufafi ko shuɗi, domin su ne ƙudan tsando ke bi. Ya ƙara da cewa mu kulle ɗaki da tagogi, saboda gwaggon birin Wikki ya san yadda ake murɗa hannun ƙofa, kuma ba ya jin kunyar karɓe leda daga hannun baƙo.

Da muka idar da sallar asuba muka gangara wajen kwarin Gaji, gari bai gama wayewa ba. A nan na fara fahimtar abin da na saya. Ni da yaron muna duban daji gaba ɗaya, muna jiran wani babban abu ya fito. Shi kuwa ƙasa yake dubawa, da rassan da ke daidai kafaɗa, da inda tsuntsaye suka tashi. Ya sa aka tsaya a wani wuri da ban ga komai ba sai rairayi, ya sauka, ya yafuto mu, ya nuna mana sawu mai faɗin faifai, ya ce toron giwa ne shi kaɗai, domin babu ƙananan sawaye tare da shi, garke kuwa na mata ne da 'ya'ya, tsohuwarsu ke ja musu gaba. Ya ɗauki igiya ya kewaya sawun ƙafar gaba, ya ninka tsawon sau biyu, ya ce wannan shi ne tsayin dabbar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Daga baya na tarar masu binciken dabbobi ma da wannan ƙa'ida suke aiki. Sa'an nan ya fasa kashinta da sanda, ya kara bayan hannunsa, ya ce ya huce, ƙwari sun riga sun shige shi, saboda haka tun farkon dare ya wuce, bin sa ɓata mai ne. A cikin kashin akwai ƙwallon giginya guda, bai fashe ba, ya ce yawancin giginyar da muke gani a bakin kogin nan giwa ce ta shuka ta ta wannan hanya. Larabawan dā suna lissafa bin sawu cikin ilmukansu, suna ce masa ƙiyafa, kuma a safiyar nan na ga dalilin da ya sa suka ba shi wannan daraja.

Abin da muka gani kafin hantsi ba kaɗan ba ne, ko da yake giwa ba ta ciki: gwambaza tsaye cikin ruwa har gwiwa, mazo guda da ya leƙo ya koma, gadu da 'ya'yansa suna gudu da wutsiya a miƙe, kada kwance a kan yashi, da kunnuwan dorina a wani gurbi mai zurfi. Garken ɓauna kuwa kukan carki ne ya tona shi, domin dattijon ya ji tsuntsun kafin mu ga ƙura, ya ce inda carki ya taru akwai babbar dabba a ƙarƙashinsa. An ƙidaya tsuntsu fiye da iri 350 a dajin, kuma ya san sunan mafi yawan waɗanda muka gamu da su da Hausa da Fulatanci. Na tambaye shi raƙumin dawa, ya ce ya ƙare a Yankari tun da daɗewa, wanda ke son ganinsa a ƙasar Bauchi sai ya je Sumu, inda aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya. Zaki kuwa, ya ce akwai shi, amma kaɗan ne ƙwarai, shi kansa ya fi jin rurinsa da dare fiye da ganinsa, kuma duk jagoran da ya yi mana alkawarin zaki mu riƙe kuɗinmu.

Tsakar rana muka yi ta a maɓuɓɓugar Wikki, wadda ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ruwanta garau har ana ƙidaya tsakuwar ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma an ƙiyasta tana zuba lita miliyan 21 kowace rana zuwa Gaji. Yaron ya yi iyo, ni na tsoma ƙafa.

Da la'asar ya ratsa da mu ta kogunan dutsen da ake kira da sunan Marshall, guda 59, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse mai taushi, ƙofarsu ƙarama sai da sunkuyo, ana kyautata zaton mafaka ce ta zamanin harin bayi. Ya ba mu labarin rijiyoyin Dukkey, su 139, da matoyan tama na Shau Shau, ya tsinci kashin maƙera a ƙasa ya ba ni in ji nauyinsa, sa'an nan ya karɓa ya mayar inda yake. Dajin da muke ɗauka bai taɓa sanin ɗan Adam ba, ashe kufai ne.

Rana ta yi ja lokacin da ya ɗaga hannu. Muka kashe inji. Ya damƙi ƙura ya sake ta a hankali don ya ga inda iska ta nufa, ya ga daga wajensu take busowa zuwa gare mu, ya gyaɗa kai. Da farko ƙarar karyewar reshe kawai muka ji, sa'an nan abin da na ɗauka inuwar kurmi ce ya motsa, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya zuwa ruwa, manya a gefe, ƙanana a tsakiya, wata 'yar ƙarama tana tuntuɓe, haurenta bai ko fito ba. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, har na yi tasbihi ban sani ba, shi ne yadda halitta mai wannan nauyi take taka ƙasa ba a jin sautin ƙafarta. Ɗan ƙanwata ya raɗa mini, "Kawu, in mun matsa kaɗan hoton zai fi kyau." Kafin in amsa, wata babbar uwa mai ƙulli a wuya ta juyo, ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yaro, tayar da mota, ka ja da baya sannu, kada ka taka mai da ƙarfi." Muka ja da baya har sai da ta sauke kunnuwanta ta koma ga ruwa. A ganina wannan hanin shi ne mafi tsadar abin da muka biya a ranar, kuma da mun ƙulla cinikin yadda yaron ya so, da mun raunana bakin da ya furta shi. Ƙullin da ke wuyanta kuwa, ya ce na'ura ce da masu gadin daji suka ɗaura tare da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ta fara aiki da gwamnatin jihar a 2014, don a riƙa sanin inda garken yake ta tauraron ɗan Adam. Giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma suna cikin mafi yawan da suka saura a Nijeriya.

Washegari na ba shi ladansa cikakke, na ɗora tukuici, ya karɓa da hannu biyu ya yi addu'a. Sai ya roƙi mu rage masa hanya zuwa Mainamaji da wani buhun masara da zai kai wa ƙaninsa. A mota ya gaya mana dalili: giwayen nan da muka yi ta yaba wa jiya, su ne da damina suke fita iyakar daji su shiga gonaki, kuma a dare guda suka cinye wa ƙanin nasa dawar da ya yi wata huɗu yana noma. Ya ce yanzu ana sanar da ƙauyuka ta waya idan garken ya doso, matasa su fita da fitila da ganga su kora, wani lokaci a dace, wani lokaci a makara. Na tambaye shi yadda yake zama tsakanin ƙaninsa da giwa, ya ce kowace shekara sai sun yi wannan gardama, kuma buhun nan shi ne rabonsa na hasarar. A ƙofa muka sauke shi, wani mai babur ya ɗaura buhun a baya, mu kuma muka kama hanyar Dindima.